Mutumin da Ya Ɗaga Dutsen Ƙanensa

Tokuji Abiru ba mutumin magana ba ne. A jirgin kamun kifi ya yi ƙuruciyarsa, har ranar da injin jan taru ya cinye masa yatsu biyu na hannun hagu. Abokan aikinsa sun ce ko ihu bai yi ba. Tawul ɗin wuyansa ya cire ya naɗe hannun, ya ce a ci gaba da ja, kifi ba ya jiran kowa. Daga nan teku ta fita ransa, ya koma tsauni wurin amyoyin da ubansu ya bar musu, shi da ƙanensa Sadamu.

A tsibirin Kasane ba a kiwon ƙudan zuma kamar kaji. Gungumen itace za ka fafe, ka shafa masa kakin zuma a ciki, ka goya shi ka hau tsauni, ka kafa shi gindin wata tsohuwar bishiya mai kallon rana. Ka rufe shi da katako, ka ɗora dutse a kai, ka koma gida. In ƙudan daji sun ga dama su shiga. In ba su ga dama ba, ka yi ta kallon gungumenka har ya ruɓe. In kaka ta yi, mai amya ya yanki kashi ɗaya cikin uku na saƙar, ya bar musu saura su ci da sanyi.

Dutsen nan na kan murfi shi ne magana. Kowa daga bakin teku yake ɗauko nasa, kuma kowa ya san na kowa. Babu kwaɗo, babu shinge. Amyar wani tana iya zama a tsakiyar gonarka, ka yi ta wuce ta har ka tsufa, ba za ka taɓa dutsenta ba. Wanda ya ɗaga dutsen wani, ko ya ɗebi zuma ko bai ɗiba ba, ɓarawo ne, kuma hukuncinsa ɗaya ne tun kaka da kakanni: ya sauko da gumagumansa duka daga tsauni, ba zai sake kafa ko ɗaya ba har ya mutu. Tokuji ya ga an yi wa wani haka. Bai manta mutumin yana saukowa da gungume a baya ba, mutanen gari sun jeru a bakin hanya.

Da can zirnaƙo iri ɗaya suka sani, babba mai jan kai. Shi ƙudan tsibirin sun san maganinsa. In ya leƙo, sai su yi masa rubdugu, su dunƙule a kansa kamar curin tuwo, su yi ta karkarwa har zafin jikinsu ya dafa shi. Amma wata shekara wani baƙo ya ƙetaro teku, wasu sun ce a cikin jirgin katako ya zo. Baƙi ne mai rawayan ƙafafu. Shi ba ya shiga. A iska yake tsayawa a ƙofar amya, ya juya mata baya, yana jiran masu dawowa daga kiwo. Ya cafke ɗaya, ya sauka kan reshe, ya datse kai ya yar, ya datse ciki ya yar, ya cire fukafukai, ya tafi da naman ƙirji. Wani ya maye gurbinsa. In ka tsuguna gindin reshen, kawuna za ka gani zube kamar an watsa barkono baƙi, wasu bakinsu na motsi. Ƙudan da suka rage sai tsoro ya hana su fita, yunwa ta kashe su a cikin ɗaki.

Wannan ne ya sa mutanen gari suka haɗa kai. Kinue, mai kantin bakin kwatar jiragen ruwa, bazawara mai baki kamar almakashi, ita aka ɗora a gaba saboda ba mai iya yi mata musu. Da bazara kowa ya rataye gorunan roba masu jiƙon giyar shinkafa da sukari a reshe, don uwayen zirnaƙon su faɗa su nutse kafin su kafa gida. Mata suka shuka fure a gonakin da aka yi watsi da su, aka daina sare bishiyoyi masu kogo. Amma gidan da ya riga ya kafu, can ƙololuwar bishiya yake, girman tukunyar biki. Sai an hau.

Tokuji ne mai hawa.

"Toku-san, kai mai yatsu takwas ne za ka hau, masu goma suna ƙasa suna ba da shawara?" in ji Kinue ran farko, tana kallon mazan ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙarancin yatsu ƙarancin wurin harbi ne," in ji shi, ya ja igiya.

Zirnaƙon sun huda rigar robar da ya sa don kariya, daidai wuya, a wannan rana. Ya ji kamar an caka masa ƙusa mai zafi, aka sake, aka sake. Bai sauko ba sai da ya cusa gidan a buhu, ya ɗaure bakin da haƙora. Da ya taɓa ƙasa idonsa ɗaya ya rufe, leɓensa ya yi kamar na saniya. Ya jefa buhun a gangar ruwan zafi, ya danne shi da ƙafa har gurnanin ya mutu, sannan ya juya ya yi amai. Washegari ya hau wata bishiyar. Haka ya yi ta yi kowace kaka. Ba a taɓa jin ya ce yana son ƙudan zuma ba. Hawa dai yake yi.

Sadamu kuwa bakinsa ya fi hannunsa aiki. Shi ne mai waƙa a biki, shi ne mai jawabi a taro, kuma gorunan tarkonsa a ɗaki suka kwana saboda giyar da zai zuba musu ta bi wata hanya. Zirnaƙo suka cinye amyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, har da babban gungumen ubansu da ke kudancin tsauni, wanda a rabon gado ya faɗo masa. Gungumen nan bai taɓa zama wayam ba tun suna rarrafe. Sadamu ya ji kunyar abin ƙwarai. Ya daina tsayawa hira a kantin Kinue.

Tsakiyar damina Sadamu ya shiga jirgi zuwa babbar ƙasa, wai zai ga likitan ƙafa. Bayan dawowarsa Tokuji ya bi ta gaban gungumen Baba ya tarar da shi cike, ƙuda na shiga suna fita. Lokacin ƙaurar zuma kuwa ya wuce tuntuni.

"Yaushe suka shiga?" ya tambayi ƙanen.

"Labarin kyawuna suka ji, Yaya. Kai da wannan fuska taka ai ko ƙudan bola sai ya yi shawara."

Tokuji ya dube shi, ya dubi dutsen.

Ba a daɗe ba aka fara ganin tsutsa a ƙofar amyoyin kudu. Ƙudan da kansu suke jawo 'ya'yansu su yar a waje, farare, kumburarru, in ka latsa su fashe da ruwa. Abin ya fara daga maƙwabtan gungumen Baba, ya gangara. Amyar da ya kama ba ta sake haihuwa. Tsofaffin ƙuda su ƙare, ɗaki ya yi tsit, ya ɗau wari.

Aka yi taro a zauren gari. Aka yanke cewa duk wanda ya ga tsutsa a ƙofarsa ya ƙona gungumen da abin da ke ciki. A nan ne Hatsuo mai tuƙa jirgin fasinja ya yi gyaran murya, ya ce shi dai bai san komai ba, amma akwatin da Sadamu ya shigo da shi a ƙarƙashin tamfol, ƙugi yake yi, kuma shi bai taɓa jin maganin ƙafa mai ƙugi ba.

Sadamu ya miƙe. "To, sai me? Na sayo. Irin namu ne, ba baƙin ƙuda ba. Zuma zuma ce. Ku je ku duba ƙofata, in kun ga tsutsa ɗaya ku yanka ni."

"Za mu gani ne kana share ta kullum da sassafe?" in ji Kinue. "Matarka ma ba ta taɓa ganin tsintsiya a hannunka ba sai bana."

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Aka ce ya buɗe a gani. Ya ce ba ya buɗewa, kuma duk wanda ya isa ya je ya ɗaga dutsen. Dattawa suka sunkuyar da kai. Aka tashi a kan za a ci gaba da ba shi baki.

Tokuji ne ya fara ƙona nasa. Ranar ruwa ake yi, lokacin da ƙuda ba sa fita. Ka toshe ƙofa da laka, ka ɗaga murfi kaɗan, ka kwarara kananzir, ka jefa ashana, ka mayar da murfin. Kukan da ke tashi a ciki ba a kwatanta shi. Gungumen har rawa yake yi. Wasu sukan sami tsaga su fito fukafukai na ci, su faɗo a kan takalminka suna juyi, sai ka taka. Zuma ta narke ta biyo ƙasa, baƙa, tana tafasa. Ya yi wa na kudu duka haka, ya wanke hannu a rafi, ya koma gida ya ci shinkafarsa. Sauran mutane suka bi sahu, wasu da hawaye. Kudancin tsauni ya zama toka, in ban da gungume ɗaya.

Abin da ya rage wa tsibirin shi ne kwarin arewa. Can ƙuda lafiyarsu lau, na gungume da na kogon bishiya. In cutar ta tsallaka tsauni, shi ke nan, Kasane ta yi sallama da zuma.

Ana ta ba Sadamu baki, kaka ta shigo, fure ya yi ƙaranci. Wata rana Tokuji ya tsaya nesa da gungumen Baba ya ga kokawa a ƙofa. Masu gida sun yi rauni, wasu ƙuda masu ƙarfi suna kutsawa suna fitowa ciki ɗauke da zuma. Fashi ake yi. Ya ɗebo garin alkama a aljihu, ya watsa wa masu fitowa, hannunsa bai kusanci dutsen ba. Ya tsallaka tsauni da sauri. A kwarin arewa ya bi amyoyi ɗaya ɗaya, har ya ga fararen ƙuda suna sauka a ƙofar wani gungume. Nasa ne, mafi ƙarfi a cikin waɗanda suka rage masa. Ranar ruwan da ta biyo baya ya ƙona gungumen nan nasa.

Da warin hayaƙi a jikinsa ya shiga kantin Kinue.

"A ba ni izini in ɗaga."

"Wa zai ba ka? Dokar nan ta girmi kakata," in ji Kinue.

"Yau nawa ne suka je fashi. Gobe naki ne, jibi na kogo. Na kogo wa zai ƙona?"

Hatsuo, da ke zaune yana shan shayi, ya ce, "A tara masa itace a waje mana, a ƙone shi da dutsen a kai. Ka ga ba wanda ya ɗaga."

"Kaurin gungumen ya kai cinyarka," in ji Tokuji. "Kafin wuta ta shiga sun tsere sun watsu. Kuma ni ban iya wayo ba."

Ya juya ga Kinue. "In na ɗaga fa?"

Ta daɗe tana goge teburin da ba shi da datti. "Ni zan fara tsayawa a bakin hanya, Toku-san. In aka ɗaga maka ƙafa, gobe kowa ya sami dalilinsa."

"To," in ji shi.

Ranar da aka tashi da ruwa ya ɗauki galan ɗin kananzir, ya biya ta gidan ƙanensa. Sadamu na zaune a bakin ƙofa yana shan taba.

"Zan hau in ƙona gungumen Baba. Na zo in faɗa maka ne don kada ka ce a ɓoye na yi."

Sadamu ya yi dariya. "Kai, Yaya? Kai da ko takalmin wani ba ka tsallakewa?"

Tokuji ya kama hanya. Bai waiwaya ba, amma kafin ya kai rabin tsauni ya ji taku a bayansa. Ya isa, ya tsuguna, ya cusa laka a ƙofar. Yana miƙewa Sadamu ya iso yana haki, riƙe da dogon ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake yankan saƙa da shi.

"Matsa daga nan."

"A'a."

"Baba ni ya ba. Kai ya ba ka guda nawa? Wannan ɗaya ne ya ce nawa. Tun muna yara komai kai, komai Tokuji. Yanzu na cika shi, shi ne ya tsone maka ido."

"Ka cika shi da mutuwa."

Ya miƙa hannu ga dutsen. Ƙarfen ya sauka a kafaɗarsa ta dama, ya ji ƙashi ya ce ƙas kamar busasshen kara. Hannun ya faɗi gefe, ya ƙi amsa kira. Duka na biyu ya tsaga masa fatar kai daga saman kunne, jini ya rufe masa ido, ruwan sama na wanke shi yana sake zuwa. Bai ja da baya ba. Ya sunkuya ya shige cikin ƙanen, ya ɗago da kai ya kai masa karo a hanci. Suka zube tare a laka, tsofaffi biyu masu furfura, suna birgima a gangare kamar karnuka. Sadamu ya cije shi a wuya, ya cusa babban yatsa a karyayyar kafaɗar. A nan ne Tokuji ya yi ihun da bai yi wa injin taru ba. Ya lalubo wata saiwa ya dafa, ya ɗaga gwiwa ya saukar a cikin ƙanensa, ya sake, har Sadamu ya naɗe yana neman numfashi.

Ya rarrafa ya koma. Dutsen baƙi ne, mai santsi, ubansu ne ya ɗauko shi daga bakin teku. Hannu ɗaya mai yatsu uku bai iya ɗaga shi ba, sai ya haɗa da ƙirji ya rungume shi, ya sauke shi ƙasa a hankali. Ya zame murfin. Warin ya bugi fuskarsa. Saƙar ta yi baƙi, ramukan cike da ruɓaɓɓun 'ya'ya, 'yan ƙudan da suka rage sun taru a lungu ɗaya, ko tashi ba su yi ba. Ya kwarara kananzir. Ashanarsa ta jiƙe. Ya duba laka ya ga abin kunna tabar Sadamu ya faɗi wurin kokawa. Da shi ya kunna.

"Ɓarawo!" Sadamu na kwance, jini na bin haƙoransa. "Ɓarawo! Ku fito ku ga ɓarawo!"

Muryar ta gangara har gari. Tokuji ya zauna a laka yana kallon wutar, bai tashi ba sai da gungumen ya rushe.

Hatsuo ne ya kai su asibiti a babban tsibiri, ɗaya a gaban jirgi ɗaya a baya. An ɗaure kafaɗar, amma hannun bai sake wuce ƙirji ba. Hawan bishiya ya ƙare.

Da ya dawo ba wanda ya zo ya tuna masa hukuncin. Shi da kansa ya hau. Gumaguman da ke da ƙuda ya cire musu duwatsunsa, ya ce mai so ya ɗora nasa. Wofin kuma ya goya su ɗaya ɗaya da igiya a kafaɗar hagu. Mutane sun jeru a bakin hanya kamar yadda aka saba. Kinue ce a farko, hancinta ja, bakinta a rufe. Duk wanda ke tsaye a wurin ya san amyarsa ta arewa tana raye ne saboda mutumin nan. Ba wanda ya kama masa. Ba wanda kuma ya ce a canza doka, shi ma bai nema ba. Sadamu kuwa ba abin da aka yi masa, don kakanni ba su san da irin laifinsa ba. Daga baya ne aka haramta shigo da ƙuda ta teku.

Tokuji ya faskara gumagumansa ya yi wutar ɗumama ruwan wanka da su duk sanyin nan. Da bazara ta yi, ya cika gorunan tarko ya bi hanya yana ratayewa a reshen da hannunsa ke kaiwa. Wannan ba wanda ya hana shi.

Kwarin arewa ya tsira. Aka yi ta duba ƙofofi, ba a ga tsutsa ba. Da fure ya buɗe ƙuda suka fara ƙaura, suna tsallako tsauni suna neman ɗaki a kudu. Wata rana da hantsi Tokuji ya ji ƙugi a bayan gida. Ya fita ya tarar da gungun ƙudan zuma ya sauka a bishiyar lemonsa, dunƙule, baƙi, ya lanƙwasa reshe. In ba su sami ɗaki ba kafin rana ta karkata, za su tashi. Shi kuma ba shi da gungume, ba shi da ikon kafa shi.

Ya sa takalmi ya tafi gidan da bai taka ba tun ranar ruwan nan. Sadamu na bakin ƙofa, hancinsa ya warke a karkace.

"Kana da gungumen da ba a taɓa sa wa ƙuda ba?"

Sadamu ya dube shi sama da ƙasa. "In ina da shi fa?"

"Ɗauko. Suna kan lemona."

"Me ya sa ba ka kira Kinue ba?"

"Gidanka ya fi kusa."

Ƙarya ce, kuma dukansu sun sani. Sadamu ya taka tabarsa, ya shiga rumfa, ya fito da gungume a baya. Suka tafi, ɗaya a gaba ɗaya a baya. A gindin lemon Sadamu ya kafa shi, ya ɗebi gungun da kwando ya juye a ciki. Ya mayar da murfi, ya waiwaya yana neman abin dannewa.

"Yaya, miƙo min dutsen can."

Tokuji ya dubi dutsen, ya mayar da hannunsa baya.

"Ɗauki abinka da kanka," in ji shi.